In jandarma sun koma bariki, wa ke riƙe gari?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni mutumen Adar ne a Jamhuriyar Nijar, yanzu ina zamne Tawa ina saye da saida albasa, amma cibiyata tana wani ƙauye tsakanin Madawa da Buza. Ba ni faɗin sunan garin kuma ba ni faɗin sunan kowa, saboda waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, ɗiyansu ma suna riƙe da salula suna karatu. Abin da ya sa na ɗauko maganar ga shi ne kullum in anka zamna hira kan tsaro a kasuwa sai ka ji ana lissafin soja da jirage da bindigogi, ni kuwa na ga rikici ya ci rai a garinmu, na ga abin da ya biyo baya, kuma na san su wa sunka hana a sake zubar da jini karo na biyu.

Na yi lakwal har kwalej amma ban ƙare ba, sai na bi sawun 'yan uwana na tahi biɗa Abijan kamar yadda kusan kowane saurayin Adar ke yi. Rikicin ƙasar na 2011 shi ya koro mu gida. Da na dawo ba ni da komi sai ɗan Faransancin da na iya rubutawa, to shi ne mai gari ya aiko anka kira ni ya ce ɗana, ana son mai rubutu a kwamitin ƙasa na gari, kai za ka riƙe kaye da bik, wato littahin rubutu da alƙalami. Wanga kwamiti shi ne ake ce ma COFOB, ya hito daga dokar karkara ta 1993 wadda ta tsara zancen gonaki da burtali da rijiyoyi da wurin kiwo, akwai na gari akwai na komin, wato ƙaramar hukuma, akwai na dapartama da ke sama da ita. Mai gari ne shugaba a na gari, akwai wakilin manoma da na makiyaya da na mata da na samari. Ba albashi ko dala, amma ta nan na zamna kusa da tsofaffi na ga yadda ake ɗinke gari.

Wanda bai san karkararmu ba bari in ɗan yi mishi bayani don shi gane inda wutar ke tasowa. Da damina dabbobi suna haurawa arewa, Azawak, wajen su Abalak da Cintabaradan, wasu har Ingal. Tun 1961 akwai dokar da ta shata iyakar noma ta arewa don a bar ma dabbobi wancan yanki. In ruwa ya ɗauke tafkuna sunka fara bushewa dole garke shi gangaro kudu, kuma lokacin nan ne daidai mu manoma hatsi ya shiga rumbu amma wake da dawa suna gona. Hukuma tana tsaida ranar sakin gonaki kowace shekara, wajen ƙarshen shekara, kahin ranar nan dabba ba ta da ikon shiga gona. To amma saniya mai ƙishirwa ba ta san takardar gwamna ba, kuma gaskiya ɗaya ce, mu ma manoma mun cinye burtali, kowace damina wani shi ƙara kunya biyu wani shi ƙara ukku har hanyar da kakanninmu sunka bari garke shi wuce a sake ta koma wadda amalanke ma sai da dabara. Mutane sun yi yawa, gona ta gaji, kowa na neman inda za shi ƙara.

Kuma Fulanin ba iri ɗaya ba ne. Akwai namu na rugar da ke yamma da gari, tun kakanni muke tare, matansu ke kawo muna nono da mai, mu ba su hatsi, shanun noman garinmu da awakin matanmu ma da yawa hannunsu suke, in sun kwana a gonarka da rani sun ba ka taki. Akwai kuma baƙi masu wucewa waɗanda ba su san kowa ba, kowa bai san su ba.

A farkon Nuwamba 2016 abin Bangi ya faru, nan cikin yankin Madawa, ɓarnar gona ta zama faɗa tsakanin manoma da makiyaya, hukuma ta ce mutum 18 sunka mutu, da yawansu mata da yara, anka ƙone gidaje. Tsofaffinmu da sunka ji sai sunka riƙa tuna Toda ta jihar Maraɗi a 1991 inda anka kashe mutum sama da ɗari. Kowa ya yi Allah wadai, kowa ya ce Allah shi kiyashe mu, ba mu san namu na tahe ba.

Namu ya zo wata kaka bayan na Bangi. Kawuna, ƙanen innata uwa ɗaya uba ɗaya, ya tahi gonar wakenshi da asuba ya iske shanu ciki, na baƙi ne masu wucewa, yaro ne saurayi ke tare da su. Abin da ya gudana tsakaninsu Allah kaɗai ya sani, mu dai gawa anka kawo muna da sara a wuya. Ina kasuwar wani gari ranar, kahin in iso samari sun ɗauki gatura da sanduna da takubba sun bi sawu, ba su samu baƙin ba don sun kora garke sun yi nisa, sai sunka juya kan rugar maƙwabtanmu, mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Sunka sa ma bukkoki wuta. Wani tsoho da ba ya iya gudu ya mutu a nan, tsohon da ni kaina na sha nono a gidanshi ina yaro, wata mata mai ciki ta faɗi garin gudu cikin ya zube, dabbobi sunka watse daji wasu ba a sake ganinsu ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ko yanzu da nake rubutawa hannuna ba daidai yake ba.

Jandarma sun zo da marece tare da perefe, wato shugaban dapartama, kuma wallahi na gode musu, da ba su zo ba a daren nan da abin ya wuce haka don labari ya riga ya kai wasu rugage. Sunka kama waɗanda sunka kama, daga baya anka kamo yaron baƙin ma, anka tahi da su. Mota guda ta zamna bakin gari ɗan lokaci, sannan aiki ya kira su wani wuri, ƙasar na da faɗi kuma su ba su da yawa, sunka koma.

To nan ne ainihin labarin ya fara, kuma shi ne wanda rediyo ba ta faɗi. Gari ya yi tsit amma irin wutar kashin shanu ce, sama toka ƙasa garwashi. Nono ya ɓace daga gari. Fulaninmu sun kwashe mata da yara sun koma can gaba wajen danginsu, mazan kaɗai ke zagayowa su duba wurin. Rijiyar da muke sha tare ba mai zuwa shi kaɗai. Matanmu sun bar zuwa itace nesa. Dare in ya yi samari suna yawo da tocila da sanda wai gadi, kare ya yi haushi sai gari duk shi tashi. Ga WhatsApp, kullum da sabuwar murya, wai an ga Fulani ɗari bisa dutsi, wai sun aika Najeriya a kawo musu bindiga, wai daren Juma'a za su shigo, ba wanda ya gani da idonshi amma kowa ya ji daga wanda ya ji. Can wajensu ma haka ake gaya musu a kanmu, daga baya munka sani. Har wasu daga cikin 'yan biɗa da ke waje sun fara maganar a haɗa kuɗi a sayo ma gari bindigogi, kuma iyaka ba nisa, wanda ke da kuɗi samu ba wuya.

Mutum na farko da ya taka wutar ga shi ne limaminmu, Allah shi jiƙanshi ya rasu yanzu. Tsoho ne siriri ɗan ɗariƙa, ba shi da yawan magana. Ranar da anka rufe kawu, da anka gama, bai koma gida ba, ya ce ma ladan ɗauko buta mu tahi ruga akwai wata gawar musulmi can. Mutane sunka ce Allah shi gafarta malam kashe ka za su yi, ya ce to in sun kashe ni kun huta da neman wanda za ku rama a kai, na yafe tun yanzu. Ya tahi da ƙafa shi da ladan, ya iske malaminsu, sunka yi ma tsohon sutura tare. Wasu a gari sun yi fushi ƙwarai, har akwai waɗanda sunka bar binshi salla kwanaki, suna cewa ya saida jinin ɗan gari. Bai tanka ma kowa ba.

Juma'o'in da sunka biyo baya huɗubarshi ba ta wuce wurare ukku, inda Allah ya ce wani rai ba ya ɗaukar laihin wani, da ayar Suratul Ma'ida mai cewa wanda ya kashe rai guda ba da hakki ba kamar ya kashe mutane duka, da ayar Hujurati ta cewa in fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika. Yana fassarawa da Hausa dalla-dalla, kuma ba ya kwana-kwana, ya ce wanda ya kashe ɗan uwanmu azzalumi ne, waɗanda sunka ƙone ruga su ma azzalumai ne, kuma ɗiyanmu ne. Ka san faɗin haka gaban iyayen yaran da ke kaso ba ƙaramin abu ba ne.

Amma ni a ganina ba huɗubar ta fi aiki ba, zuwanshi fada ne. Bayan lisha'i sai shi ɗauki sandarshi shi bi fadodin samari inda suke dafa shayi, shi zamna bisa tabarma kamar sa'ansu, a ba shi kofi shi karɓa. Ya bari su yi ta zuba, su zagi Fulani su zagi mai gari su ce tsofaffi matsorata ne, sai sun gaji sannan shi tambaye su, to in kun sayo bindigar wa za ku fara harbi, ku faɗa mini sunanshi. Sai a yi shiru, don duk sunan da za a faɗa wani a wurin ya san shi, ko yana riƙe da awakin uwarshi. Kuma ya yi wani abu da ban taɓa zaton gani ba, ya tahi da kanshi gidan malamin Izala, wanda shekaru ba sa ko gaisawa sosai saboda saɓanin da kowa ya sani, ya ce mishi malam samarin da ke jin maganarka ba sa jin tawa, in mun bar su jini za shi zuba kuma Allah za shi tambaye mu mu biyu. Daga ranar nan tare suke yawo. Samarin da sunka ga waɗannan biyun bisa tabarma guda sun san maganar ta wuce wasa.

Shi kuma mai gari aikinshi daban ne. Shi da arɗon Fulaninmu abokai ne tun suna yara, amma bayan abin ba mai iya zuwa wurin wani a hili, kowa mutanenshi na kallonshi. Sai sunka riƙa aike ta hannun wani dillalin shanu da sarkin fawa, mutanen da sana'arsu ta sa dole su yi hulɗa da kowane ɓangare. Ni nake rubuta wasiƙun da za a kai ma sarkin kanto, wanda ke sama da masu gari. Sarki ya aiko dogarinshi ya kwana garinmu ya kwana ruga, ya koma ya ba da labari, sannan anka sa ranar zama a fadar sarki, da shugaban gurufma na Fulani, wato sarkin makiyaya, da wakilin perefe da na meri, wato hukumar komin, da malamai.

Abu guda nake so mutane su fahimta, don na sha jin ana cewa sarakuna suna rufe kisan kai da goro. A zaman nan abin da sarki ya fara faɗi shi ne maganar jini ba tashi ba ce, tana hannun alƙalin gwamnati, waɗanda anka kama shari'a za ta yi aikinta, ba mai zuwa roƙon a sako kowa. Doka ta ba sarakuna ikon sulhu ne kan al'amuran gargajiya da na dukiya, gona, ɓarna, rijiya, bashi, in an daidaita a rubuta takardar sulhu in ba a daidaita ba a rubuta ba a daidaita ba a tura gaba. Abin da shi ya tara mu a kai shi ne yadda waɗanda sunka rage za su zamna, don alƙali zai yanke hukunci can birni amma ba shi ne za shi sha rijiya guda da kowa ba.

An yi wuni ana magana, an yi kuka, an tada murya. Arɗo da ya tashi bai yi dogon jawabi ba, ya ce ranka shi daɗe, wanda ya kashe ba mu san shi ba, bai kwana rugarmu ba, bai sha ruwanmu ba, mu da munka yi shekaru muna kiwon dabbobin garin ga mi munka yi. Ba wanda ya iya ba shi amsa. Mai garinmu ya sunkuyar da kai ya ce mun zalunce ku, a gaban kowa ya faɗa, kuma na san abin da kalmar nan ta ci mishi a gari daga baya.

Abin da anka tsaida na rubuta shi da hannuna. Garinmu za shi sake gina bukkokin da anka ƙone, kowane gida da kara da itace da aikin hannu, kuma a tara dammunan hatsi a maida abin da wuta ta ci. Dabbobin da sunka ɓace duk wanda ke da su ko ya san inda suke shi maido ta hannun liman da dare ba a tambayarshi komi. Malamai sun yi bayanin diyya a shari'a raƙuma ɗari ce, ba mai ita a cikinmu, sai anka roƙi iyalan mamatan su karɓi abin da ya samu su yafe sauran don Allah. Shugaban gurufma ya ce ko da yake mai laihin baƙo ne, Bafillace ne, ba za su bar marayun kawu haka ba, sunka ba da karsana irin ta habbanaye, wato aron dabba na taimako a al'adar Fulani, tana cikin garken arɗo ana kiwon ta, abin da ta haifa na yaran ne. Sannan anka kawo Alƙur'ani, liman bai yarda a sa gari duka rantsuwa ba, ya ce Littahin Allah ba abin wasa ba ne, dattawa kaɗan daga kowane ɓangare sunka yi alwala sunka dafa kan abu biyu, ba su ɓoye makami don ramuwa ba kuma in sun ji wani na shirin sharri za su faɗa ko ɗansu ne. Anka yi fatiha, anka sa hannu, masu dangwale sunka dangwala, sarki ya buga tampo.

Inda zuciyata ba ta kwanta ba har yau shi ne mata. A zaman nan duka ba mace ko ɗaya, ba a tambayi matar kawu ba tana cikin takaba, ba a tambayi innata ba, ba a tambayi matar da cikinta ya zube ba, maza sunka yafe a madadinsu. Da na dawo gida na ba inna labari ta ce kai da ka rubuta, ka rubuta cewa ni na yafe? Na ce a'a inna. Ta ce to kar wanda ya ce na yafe. Na kai ma liman maganar, ya ce tana da gaskiya, hakkinta ne, kuma ya riƙa zuwa gaishe ta shi zamna bakin zaure ita tana ciki, bai taɓa ce mata ki yafe ba, sai dai shi yi ma mamacin addu'a shi tambayi lahiyar marayu shi tashi. Matar liman da wata tsohuwa ungozoma su sunka tahi wajen matan Fulanin, don ba wani namiji da zai iya zama da matar nan kan abin da ya same ta. Matan rugar ba su dawo ba sai da waɗannan tsofaffin mata sunka je sunka rako su, takardarmu mai tampo ba ta dawo da su ba. Inna ta ɗauki lokaci mai tsawo kahin ta sake sayen nono, kuma ban taɓa jin ta furta kalmar yafewa ba har yanzu, ni ma ban sake tambayarta ba.

Bayan zaman sai aikin da ba mai ɗaukar hoto. Da rani munka bi burtali da ƙafa tun daga rijiya har iyakar garin gaba, mai gari da arɗo da sarkin noma da wakilin komin, tsofaffi suna nuna inda iyaka take tun zamanin iyayensu ni ina rubutawa, ana dasa aguwa a gehe biyu, daga baya wani furoje, wato shirin tallahi, ya kawo turakun siminti. Gonar farko da anka yanke ma kunyoyi ta ƙanen mai gari ce, da gangan ya fara da ita, sun yi shekara ba sa magana amma bayan nan ba wanda ya samu bakin gardama. Anka tsaida cewa in ɓarna ta faru mai gona ba ya taɓa makiyayi ba ya taɓa dabba, shi kira sarkin noma da wakilin arɗo su je su gani da ido su kimanta, ta dare ta fi ta rana tsada, a biya gaban shaidu. Baƙon garke in ya iso arɗo ke tarbarshi shi nuna mishi hanya da mashaya shi sanar da mai gari. Sarkin fawa ya hana yanka dabbar da ba a san mai ita ba. Duk muryar WhatsApp mai tada hankali a kai ma liman ko malamin Izala, su kira arɗo a salula nan take a ji gaskiya, a faɗa a masallaci. Samarin gadi ba a kore su ba, an dai sa dattijo cikin kowane rukuni kuma an ce wanda sunka kama jandarma za a kira, ba duka. Waɗanga ƙananan abubuwa su ne tsaron da na gani da idona, kuma da su munka wuce kaka bayan kaka.

Ba ina cewa duk mai rawani haka yake ba, wallahi a'a. Na san garuruwa da mai gari ke karɓa hannun manomi shi karɓa hannun makiyayi, ɓarnar jikka biyar shi ce jikka hamsin don rabonshi shi yi kauri, ko shi saida hilin kiwo ga mai kuɗin birni. Na san malaman da wa'azinsu ke ƙara ma wuta mai. Irin waɗannan in sun kira sulhu ba mai zuwa da zuciya ɗaya, kuma rikicin da ke tashi a garuruwansu da hannunsu ciki. Namu sun ci nasara ne don an san ba su ci, liman da gonarshi yake ci, mai gari ya mutu ɗakinshi na laka. Kuma na halarci tarurrukan zaman lahiya a nan Tawa da Yamai, ana kiran sarakuna da malamai a otel a yi jawabi a raba kuɗin zama, ban ce ba su da amfani ba, ana haɗuwa ana sanin juna, amma wanda ya bi burtali da ƙafa cikin rana sau da yawa ba shi ake gayyata ba. Ƙasar ga ta san sulhu, yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 da ta kawo ƙarshen tawayen arewa har ranar hutu anka maida ranarta, akwai ma hukuma sukutum ta ƙarfafa zaman lahiya, HACP. Ina roƙon masu wannan aiki su riƙa sauka har ƙauye su nemi irin su limaminmu tun suna da rai.

Sai kuma abin da ya fi ƙarhin rawani da carbi. Ranar 21 ga Maris 2021 'yan bindiga bisa babura sunka afka ma Intazayan da Bakorat da Wistan a yankin Tiliya, nan jiharmu, gwamnati ta ce mutum 137 sunka mutu. Waɗannan ba maƙwabcin da kuka saɓa kan wake ba ne, ba sa jin kunyar liman ba sa tsoron dafa Alƙur'ani, hasali ma a wurare da yawa mai gari da malami su suke fara nema, ko su bi su ko su gudu ko a kashe su. Ta kudu kuma wajen iyakar Najeriya ga masu satar mutane da shanu. Wannan aikin soja ne da hukuma, kar a ɗora ma tsoho mai sanda abin da ba ya iyawa, kuma in ya ba da labari a rufa mishi asiri don da yawa sun mutu saboda an ji su sunka faɗa.

Amma ko a nan akwai abin da namu sunka tsare. Bayan Tiliya maganar banza ta sake tashi a gari, wai duk Bafillace ɗan ta'adda ne, wai a kori ruga tun wuri. Lokacin liman ya tsufa ƙwarai sai an riƙe shi, ya sa anka kai shi masallaci ya ce waɗanda kuke magana a kansu shanunsu ake sacewa kamar naku, ɗiyansu ake kashewa kamar naku, in kun kore su kun tura samarinsu hannun waɗancan da kanku, kuma kun rufe idon da ke gane muku daji. Gaskiya ya faɗa, don sau da yawa labarin baƙin fuska a daji daga ruga yake fara iso ma mai gari, shi kuma shi kai gaba.

Yanzu liman ya rasu, mai gari ya rasu, arɗo na nan amma ido ya tahi. Masu gida za su zaɓi sabon mai gari kuma 'yan takara sun kasu, ana ta yawo da kuɗi, ɗaya daga cikinsu har yana yi ma mutane alkawalin in ya hau za a bar su su noma gehen burtali. An ce mini turaku biyu sun riga sun ɓace wajen fadama. Yaran da anka ɗaure wasu sun hito sun dawo gari, marayun kawu sun girma shanunsu sun ƙaru a garken ɗan arɗo. Kayen nan da takardar sulhun suna wurina cikin akwati, na yi hotokofi na kai ma komin ɗaya. In Allah ya kai mu kahin a fara yankan hatsi zan tahi gida in nemi sabon liman da malamin Izala da ɗan arɗo, a tara 'yan takarar duka wuri guda a karanta musu abin da iyayensu sunka sa ma hannu, kuma wannan karon zan roƙi a kira mata su zamna su ji.